Yadda Ake Bi ta Makarantar Lauyoyi ta Bwari a Fito Lauya, da Tarihin da Ke Bayan Matakanta

Wanda ya kammala digirin shari'a a Najeriya, ko a Jami'ar Jos ya yi shi, ko a Kongo ta Zariya, ko a Bayero, bai zama lauya ba tukuna a idon doka, komai kyawun sakamakonsa. Ba shi da hurumin tsayawa gaban mai shari'a da sunan wani, ba zai sa hannu a takardar ƙara a matsayin lauya ba, kuma idan ya karɓi kuɗi ya rubuta wa mutane takardar cinikin fili ya aikata laifi. Ƙofar da ake bi ɗaya ce tak, ita ce Makarantar Horas da Lauyoyi ta Najeriya, wadda hedikwatarta take Bwari a nan Babban Birnin Tarayya. Iyaye da yawa sun ɗauka shekarar da ake yi a can aji shida ne na jami'a, su ma ɗaliban da wannan tunani suke shiga, kuma daga nan yawancin wahalarsu take farawa. Makarantar wurin koyon sana'a ce, domin haka aka kafa ta, kuma kusan duk wata ƙa'ida da za ta ɗaure maka kai a cikinta tana da tushe a tarihinta.

Ka fara da sanin giɓin da aka kafa ta domin cikewa

Kafin samun 'yancin kai babu inda ake horar da lauya a ƙasar nan. Dokar Kotun Ƙoli ta 1876 ta bai wa Babban Joji ikon yi wa waɗanda aka horar a Birtaniya rajista, ta kuma ba shi damar bai wa wasu da suka goge a aikin kotu lasisin wucin gadi saboda ƙarancin lauyoyi, har zuwa 1913 da aka rufe wannan ƙofa. Ɗan Najeriya na farko da ya zama cikakken lauya shi ne Christopher Sapara Williams, wanda aka rantsar a Inner Temple ta Landan a 1879. Kusan duk wanda ya biyo bayansa tafarkinsa ya bi: ya hau jirgin ruwa zuwa Ingila, ya shiga ɗaya daga cikin ƙungiyoyin lauyoyi huɗu na Landan, wato Lincoln's Inn da Gray's Inn da Inner Temple da Middle Temple, ya ci jarrabawarsu, ya kuma halarci liyafar cin abincin dare gwargwadon adadin da aka ƙayyade.

Wannan tsari yana da aibi biyu. Mutum yakan dawo gida ya san dokar Ingila ciki da bai, amma bai taɓa karanta dokar filaye ta gargajiya ba, balle hukuncin aure da gado na Musulunci, alhali su ne abin da ke kai talakawa kotu. Aibi na biyu ya fi wannan zurfi. A Ingila sana'ar kashi biyu ce, akwai barista mai tsayawa gaban kotu, akwai kuma lauyan ofis mai zama da jama'a, ya rubuta yarjejeniya, ya riƙe kuɗin amana. A Najeriya mutum ɗaya ne yake yin duka biyun, sai ga shi mafi yawan masu dawowa horon barista kaɗai suka samu, amma washegari su ne za su rubuta takardar sayar da gida da ta kafa kamfani.

A 1959 Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Antoni Janar na lokacin, E. I. G. Unsworth, ya duba makomar sana'ar. Kwamitin ya ba da shawarar cewa jami'o'i su riƙa koyar da ilimin doka su ba da digiri, sannan a kafa makaranta ɗaya a Legas da za ta koyar da aikin kansa, a ƙarƙashin wata majalisa mai kula da ilimin lauyoyi. Dokar Ilimin Lauyoyi ta 1962 ta tabbatar da haka, kuma a watan Janairun 1963 aka buɗe makarantar a wani gida mai lamba 213A a titin Igbosere, da ɗalibai takwas da kwas na wata uku, ƙarƙashin wani Bature mai suna G. Rudd. Dokta Olakunle Orojo ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabance ta. Daga Igbosere ta koma Victoria Island a 1969, sannan a 1997 aka dawo da hedikwatar Bwari.

Mu a Arewa labarin ya ɗan sha bamban, kuma ya kamata ɗalibi Bahaushe ya san shi. Horon shari'a a nan na alƙalai ne tun asali. A 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar shari'a a Kano da malamai daga Sudan, wadda a 1947 ta zama Makarantar Nazarin Larabci, sannan Cibiyar Koyon Mulki ta Zariya ta ɗauki nauyin horar da ma'aikatan kotu lokacin da dokar laifuffuka ta Final Kod ta fara aiki a 1960. An kuma daɗe doka tana hana lauya tsayawa gaban alƙali a kotunan En'e da kotunan yanki, sai bayan Kundin Tsarin Mulki na 1979 manyan kotuna suka warware wannan hani. Sana'ar da ba ta da wurin zama a kotun da jama'a suka fi zuwa ba za ta yi saurin yaɗuwa ba, shi ya sa lauyoyin Arewa na farko ake ƙirga su da yatsu. Mohammed Bello na Katsina, wanda ya zama Babban Jojin Ƙasa daga 1987 zuwa 1995, a Lincoln's Inn aka rantsar da shi a 1956. Muhammadu Lawal Uwais, da ya gaje shi har zuwa 2006, ya bi ta Zariya da Middle Temple, sannan ya zo sabuwar makarantar ta Legas kafin a yi masa rajista a 1964. Aloma Mariam Mukhtar, lauya mace ta farko daga Arewa, wadda ta zama Babbar Jojin Ƙasa a 2012, ita ma ta Ingila ta bi kafin rajistarta a gida a 1967.

Shirin yana farawa tun kana jami'a

Majalisar Kula da Ilimin Lauyoyi ita ce take tantance tsangayoyin shari'a na jami'o'i, kuma takan yanka wa kowace tsangaya adadin ɗaliban da za ta ɗauka. Wannan adadi shi ne gurbin da jami'ar take da shi a makarantar lauyoyi. Idan jami'a ta kwashi ɗalibai fiye da kasonta, sai a samu cunkoso, wasu su kammala digiri su zauna a gida shekara guda ko fiye suna jiran layi, kuma Majalisar takan dakatar da jami'ar da ta saɓa. Saboda haka uban da zai biya wa ɗansa kuɗin karatun shari'a, musamman a sabuwar jami'a mai zaman kanta, ya tambaya tun kafin ya zuba ko kwabo: shin Majalisar ta amince da tsangayar, kuma nawa ne kasonta? Amincewar Hukumar Kula da Jami'o'i daban take, ba ta wadatar ita kaɗai. Wanda ya yi digirinsa a ƙasar waje kuwa ba ya shiga kai tsaye, sai ya fara yin zangon share fage a Bwari, inda zai karanta dokokin Najeriya irin su tsarin mulki da dokar filaye da ta laifuffuka, ya ci jarrabawarsu, sannan ya haɗu da sauran a babban zango. Aibin nan na farko da kwamitin 1959 ya gani shi ne har yau ake magancewa da wannan zango.

Sai batun suna, wanda ya fi damun mu fiye da kowa. Yaro yana da Muhammad a takardar firamare, Mohammed a ta sakandare, a jami'a kuma ya ƙara sunan garinsu ko ya sauke sunan kakansa. Ka jera takardunka duka a kan tabarma tun kana aji huɗu, ka duba harafi bayan harafi, idan akwai saɓani ka gyara shi ta hanyar da doka ta tanada tun da sauran lokaci. Sunan da ya shiga fom ɗin makarantar shi ne zai bi ka har cikin kundin Kotun Ƙoli. Fom ɗin kuma yana tambayar ko an taɓa korarka ko hukunta ka a makaranta ko a kotu, to ka faɗi gaskiya, domin ɓoyewar da aka gano daga baya ta fi laifin farko nauyi a wurin masu tantancewa.

Kuɗin makaranta da na littattafai da na sutura da na zaman wata da watanni ba ƙarami ba ne, kuma a dunƙule ake buƙatar mafi yawansa. Wasu gwamnatocin jihohi sukan tallafa wa 'yan asalinsu, amma tallafin ba kasafai yake zuwa a kan kari ba, don haka kada iyali su gina lissafinsu a kansa.

Inda za a tura ka

Bayan dawowa Bwari an mayar da ginin Legas reshe, aka buɗe na Inugu a Agbani da na Kano a Bagauda, cikin tsohon otal ɗin bakin tafki a Ƙaramar Hukumar Bebeji, daga baya aka ƙara Yenagoa da Yola, sai na Fatakwal da gwamnatin Jihar Ribas ta gina aka buɗe a 2022. Makarantar ce take rarraba ɗalibai, kuma ba lallai ka samu inda kake so ba. Manhaja ɗaya ce, jarrabawa ɗaya ce a rana ɗaya, don haka neman a sauya maka reshe ba tare da larurar lafiya ko ta iyali ba ɓata lokaci ne. A ganina ma Bakanon da aka tura Agbani ya fi wanda aka bari a Bagauda riba, domin abokan da zai yi a can su ne za su riƙa turo masa aiki daga Kudu shekaru ashirin masu zuwa. Wanda ya samu Bwari ya sani cewa garin yana da tazara daga tsakiyar Abuja, ta Dutsen Alhaji ake bi a haura, kuma wanda ya ce zai riƙa zuwa aji kullum daga Nyanya ko Lugbe zai ƙare ƙarfinsa a hanya. Ana ɗaukar sunan masu halarta, kuma wanda bai cika adadin da aka gindaya ba ba ya zama jarrabawa.

Yadda ake karanta darussa biyar

Tun gyaran manhaja na 2008, zamanin shugabancin Dokta Tahir Mamman, darussan biyar ne: shari'ar da ba ta laifi ba, shari'ar laifuffuka, aikin lauya a harkar kamfanoni, aikin lauya a harkar dukiya da filaye, sai ɗa'ar sana'a da dabarunta. Gyaran ya rage zaman sauraron lacca, ya kawo aikin rukuni, inda ake ba da labarin wata matsala tun kafin ranar darasi, rukuni ya zauna ya shirya takardun, a aji kuma a kira kowa ba zato ya tashi ya kare abin da suka rubuta. Wanda ya saba da salon jami'a, na tara takardu sai jarrabawa ta matso a yi haddar dare, a nan yake faɗuwa, domin tambayar ta canza. A jami'a ana tambayarka mene ne beli da hikimarsa. A nan za a ce maka ga mutum a tsare, ga laifin da ake zarginsa da shi, wace kotu za ka je, wace takarda za ka shigar, rubuta ta yanzu.

Saboda haka dokokin kansu za ka riƙe, ka bar dogaro da taƙaitattun bayanan da ake sayarwa a bakin ƙofa. Ka mallaki Kundin Tsarin Mulki na 1999, da Dokar Shaida ta 2011, da Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015, da Dokar Kamfanoni ta 2020, da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, da ƙa'idojin manyan kotunan Abuja da Legas, da Ƙa'idojin Ɗa'ar Lauyoyi na 2023. Ka tabbatar bugun da ke hannunka shi ne mai ci, domin littafin da yayanka ya yi amfani da shi kafin 2020 zai koya maka cewa sai mutum biyu ake kafa kamfani, alhali dokar 2020 ta halatta wa mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai.

Rubutun takardu shi ne zuciyar karatun, kuma da hannu ake koyonsa. Ɗauki takardar rantsuwa, wadda take raka kusan kowace buƙata da ake shigarwa kotu. Sashe na 115 na Dokar Shaida ya ce abin da ya faru kaɗai ake sa wa a cikinta, ban da hujjar doka, ban da roƙo, ban da yanke hukunci. Sabon ɗalibi zai rubuta cewa wanda ake ƙara ya ci amana kuma ya karya yarjejeniya, sai malami ya ja layi a kai, domin wannan hukunci ne, aikin mai shari'a ne. Abin da ake so ka rubuta shi ne ranar da aka ƙulla ciniki, da kuɗin da aka biya, da ranar da aka yi alkawarin kawo kaya, da cewa har yau ba a kawo ba. Idan kuma mai rantsuwar ji ya yi daga wani, dole ya ambaci wanda ya gaya masa da lokaci da wurin da aka gaya masa. Ka rubuta irin wannan takarda, da takardar tuhuma wadda kowane laifi yake zama a sakin layinsa, da yarjejeniyar sayar da fili, da wasiƙar neman biyan bashi, ka maimaita har hannunka ya saba da tsarinsu ba tare da ka leƙa littafi ba.

A darasin filaye ka lura da bambancin wuri. A jihohi ƙasa tana hannun gwamna a matsayin amana, kuma sayar da fili mai takardar mallaka yana buƙatar amincewarsa, a Abuja kuwa ƙasar ta Gwamnatin Tarayya ce, Ministan Babban Birnin Tarayya ne mai ba da izini, kuma a ofishin bayanan filaye na Abuja, wato AGIS, ake binciken asalin fili. Haka a laifuffuka, Final Kod ce take aiki a Abuja da jihohin Arewa, Kudu kuma suna da tasu dokar, kuma jarrabawa takan kai ka ko'ina.

Akwai giɓin da makarantar ta gada daga asalinta, kuma gara ka san da shi. Abin da take koyarwa game da wasiyya da rabon gado ya fi karkata ga tsarin dokar Ingila da dokokin jihohi, alhali mafi yawan waɗanda za su shigo ofishinka a Kano ko Bauchi ko unguwannin Jos ta Arewa gadonsu na Musulunci ne, inda wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji. Wanda ya yi digirin da ya haɗa da shari'ar Musulunci a Zariya ko Bayero ko Sakkwato ko Maiduguri ya riƙe abinsa da kyau, wanda bai yi ba kuwa ya nemi malami ya zauna gabansa, domin shekarar Bwari ba za ta cike masa wannan ba.

Zaman kotu da zaman ofis

Bayan makonnin aji ana tura ɗalibai kotuna, sannan ofisoshin lauyoyi, kowa da littafin da zai riƙa rubuta abin da ya gani kullum, a sa masa hannu. Da yawa sukan mayar da wannan lokaci hutu, su kwafi littafin abokansu a makon ƙarshe. Kuskure ne babba, domin idan an dawo akwai kwamitin malamai da zai zaunar da kai ya yi maka tambayoyi a kan abin da ka rubuta, kuma wanda bai gamsar da su ba yana iya rasa rantsuwar shekarar.

Ka isa kotu kafin ƙarfe tara, ka nemi jerin shari'o'in ranar a teburin lauyoyi, inda kowane lauya yake rubuta sunansa a gefen shari'arsa. Za ka ji an ƙwanƙwasa ƙofa, kowa ya miƙe, mai shari'a ya shigo, a rusuna, magatakarda ya fara kira. Ka lura da wanda ya zauna a layin gaba, domin wurin manyan lauyoyi masu lambar girma ta SAN ne, kuma shari'arsu ake fara kira, darajar da aka fara bayarwa a 1975 ga Cif Rotimi Williams da Dokta Nabo Graham-Douglas. Ka saurari yadda lauya yake gabatar da kansa, da yadda yake miƙa takarda a matsayin shaida, da abin da abokin hamayyarsa yake cewa idan zai yi suka, da dalilin da ya sa aka ɗage zama. Idan kotu ta tashi kada ka bi sahun masu tafiya cin abinci, ka shiga ofishin rajista ka ga yadda ake ƙiyasta kuɗin shigar da ƙara, da inda ake buga hatimi, da yadda mai kai sammaci yake rubuta shaidar cewa ya isar. Shari'o'i da yawa a wannan ɗaki suke lalacewa tun kafin su ga fuskar mai shari'a. Idan ka samu sarari ka leƙa kotun majistare da kotun yanki, inda za ka ji ana shari'a da tafinta ko da Hausa tsantsa, domin can ne sabon lauya yake fara cin abincinsa.

A ofis kuwa ka roƙi a ba ka fayil ka karanta daga bango zuwa bango, ka nemi izinin zama lokacin da ake ganawa da mai ƙara. Abin da ka ji a ɗakin sirri ne, ko matarka ba ta da rabo a ciki.

Sutura, liyafa da hali

Baƙi da fari ake sawa a aji, kwat da taye ga maza, siket mai tsawo da farar riga ga mata, kuma mai gadin ƙofa yana da ikon mayar da kai. Akwai kuma liyafar cin abinci sau uku da Majalisar Dattawan Lauyoyi take shiryawa, wadda halartarta sharaɗi ne, kuma wanda ya makara ba ya shiga. Wannan kai tsaye daga ƙungiyoyin Landan aka gado shi, kamar hular gashi da baƙar alkyabbar da za ka sa a zafin watan Maris. Masu cewa ragowar mulkin mallaka ne ba su yi ƙarya ba, ni ma ban ga abin da hular gashi take ƙara wa adalci ba. Sai dai liyafar tana da ma'anar da ta wuce cokali da wuƙa: makaranta tana shaidar iliminka ne kawai, dattawan sana'a kuwa su ne masu shaidar halinka, kuma doka ta raba ayyukan biyu da gangan. Majalisar Kula da Ilimin Lauyoyi ce take ba da takardar cancanta, Majalisar Dattawan Lauyoyi ce take rantsarwa, bayan biyu daga cikin mambobinta sun sa hannu cewa kai mutumin kirki ne da ya dace da sana'ar. Ka fara neman waɗanda za su sa maka hannun da wuri, ta hannun shugaban ofishin da ka yi zama ko malamanka.

Al'adar kuma tana motsi idan an matsa mata ta hanyar da ta dace. A watan Disambar 2017 an hana wata ɗaliba da ta fito daga Jami'ar Ilorin shiga zauren rantsuwa a Abuja saboda ta ƙi cire hijabinta, lamarin ya kai har Majalisar Wakilai, daga bisani dattawan suka amince, aka rantsar da ita da hijabinta a watan Yulin 2018. Ɗaliba Musulma a yau tana cin gajiyar wannan, sai dai ta nemi sanarwar da ke bayyana launi da girman da aka amince da shi kafin ta je wurin tela.

Jarrabawar ƙarshe

Kashi biyu ce, akwai ta zaɓen amsa wadda lokacinta yake da ƙunci ƙwarai, akwai kuma ta rubutu, darasi ɗaya kowace rana a jere. Shekaru da dama makarantar ta yi suna da wani tsari mai tsauri, inda darasin da ka fi rauni a cikinsa shi ne yake yanke darajar sakamakonka gaba ɗaya, ta yadda mai maki mafi girma a darussa huɗu zai iya fita da sakamako na ƙasa saboda na biyar. An yi ta kuka da shi har Majalisar ta sake duba shi, amma hikimar da ke ciki ba ta tafi ba, domin har yanzu sai ka ci kowane darasi, kuma mai ƙara ba zai tambaye ka darasin da ka fi so ba kafin ya ajiye maka matsalarsa. Darasin ɗa'a shi ne wanda ɗalibai suka fi rainawa, alhali a cikinsa ake koyon ware kuɗin amana daga kuɗin ofis, kuma cin kuɗin mai ƙara yana cikin manyan dalilan da kwamitin ladabtarwa yake soke sunan lauya. Ka yi tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanka, ka amsa abin da aka tambaya a kan mutanen da ke cikin labarin, ka kawo sashen doka inda ka tabbata da shi. Wanda bai yi nasara ba yana da damar sake zama, kuma akwai lauyoyin kirki da sai a karo na biyu suka haye.

Rantsuwa da rajista

Bayan sakamako akwai tantancewar dattawa, sannan bikin rantsuwa a Abuja, wanda a da ake yi a Cibiyar Taro ta Ƙasa da Ƙasa, yanzu kuma dattawan suna da nasu zauren. Dangi sukan cika motoci daga Jos da Kano da Gombe, a yi hotuna, a fara kiran yaro Barista tun a bakin ƙofa, amma aikin bai kammala ba sai ka je Kotun Ƙoli an shigar da sunanka cikin kundin lauyoyi, an ba ka lambar rajista. Daga ranar ne kake barista kuma lauyan ofis na Kotun Ƙolin Najeriya, sana'o'in nan biyu da Ingila ta raba.

Kundin yana da nauyin da sabon lauya bai cika ganewa ba. A shari'ar Okafor da Nweke ta 2007, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardun da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi, bisa hujjar cewa ofis ba ya cikin kundi, mutum ne yake ciki, kuma shari'o'i masu yawa sun rushe a kan wannan bayan an shafe shekaru ana yin su. Ka riƙa sa hannu da sunanka yadda yake a kundi, ka manna hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya a kan takardunka. Shekarar rantsuwarka kuma ita ce ma'aunin girma a sana'ar, ko da wanda ya riga ka ƙaninka ne a haihuwa, kuma daga ita ake ƙirga shekara 10 kafin a naɗa mutum alƙalin Babbar Kotu ko Antoni Janar, 12 kafin Kotun Ɗaukaka Ƙara, 15 kafin Kotun Ƙoli. Kuɗin izinin aiki ana biyansa kowace shekara kafin ƙarshen watan Maris, kuma lauyan da bai biya ba abokin hamayyarsa yana iya tashi ya nemi kotu ta hana shi magana, don haka ka ajiye rasidin a cikin jakar da kake zuwa kotu da ita.